Yadda Ake Zana Taswirar Zafin Ƙarƙashin Ƙasa da Manhajar GIS

A shekarar 1904 aka fara kunna ƙwan lantarki da tururin da ke fitowa daga cikin ƙasa, a Larderello ta Italiya. A Afirka kuwa, a 1981 ne Kenya ta tayar da injinta na farko mai megawat 15 a Olkariya, kusa da tafkin Naibasha. Yanzu abin da Kenya ke iya samarwa ta wannan hanya ya haura megawat 900, kusan kashi 40 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha. Wuta ce da ba ruwanta da rani ko damina, ba ta jiran rana ta fito ko iska ta taso.

Tsadar tana wajen nema. Rijiya guda mai zurfin kilomita 2 zuwa 3 tana lashe miliyoyin daloli, kuma ana iya gama haƙa ta a tarar da dutse mai zafi ba ruwa, ko ruwa ba zafin kirki. Saboda haka kafin a kawo injin haƙa, ana fara zama a gaban kwamfuta a tattara duk abin da aka sani game da yanki, a jera shi falle bisa falle a manhajar taswira da ake kira GIS, a ga inda alamu suka taru wuri ɗaya. Taswirar da za ta fito ba ta gano tururi. Aikinta ta rage faɗin wurin nema daga dubban murabba'in kilomita zuwa wurare uku ko huɗu da suka cancanci a kashe musu kuɗi, ta kuma faɗi ƙarfin hujjar da ke bayan kowanne.

Za mu ɗauki Kwarin Binuwai a matsayin wurin gwaji, muna auna shi da kwarin Kenya inda rijiyoyi suka riga suka tabbatar da abin da ke ƙasa. Abin da kake bukata shi ne kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, manhajar QGIS wadda kyauta ce, intanet na sauke hotuna, da masanin duwatsu da zai duba aikinka. Wannan na ƙarshe ba a tsallake shi.

Mataki na 1: Fayyace abin da kake nema

Kalmar zafi kaɗai ba ta isa tambaya ba, domin kowane amfani da digirin da yake bukata. Ruwan da bai kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ba na wanka ne da kiwon kifi. Daga 50 zuwa 90 ana busar da tumatir, barkono, hatsi da kifi da shi, ana kuma dafa madara don kashe ƙwayoyin cuta. Daga wajen 100 zuwa 170 ana iya samar da lantarki da injin da ruwan zafin ke tafasa masa wani ruwa mai saurin zama tururi. Daga wajen 180 zuwa sama ne ruwan da kansa ke fashewa ya zama tururi ya juya inji, kamar yadda ake yi a Olkariya.

Rubuta tambayarka a jimla guda, misali: a ina cikin tsakiyar Kwarin Binuwai ake sa ran samun ruwa mai digiri 80 ko fiye a zurfin da bai wuce kilomita 2 ba? Daga nan ka zana iyakar yankin. Bi iyakar duwatsu, kada ka bi ta jiha ko ƙaramar hukuma, kuma ka ƙara ratar kilomita 20 zuwa 30 a kewaye, domin lissafin da za ka yi nan gaba yakan lalace a gefen taswira.

Mataki na 2: San abubuwa uku da dole su haɗu

Ma'ajiyar zafi mai amfani tana bukatar zafi, da ruwan da zai ɗauko zafin, da hanyar da ruwan zai bi, wato tsagar dutse ko dutse mai ramukan da ruwa ke ratsawa. Sau da yawa akwai na huɗu, murfin yumɓu a sama da ke hana zafin tserewa. Duk fallen da za ka saka a taswira sai ya zama shaida a kan ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ba ya ba da shaida a kan ko ɗaya, ajiye shi ko da ya ƙawata allo.

A nan ne bambancin kwaruruka biyun yake. Kwarin Kenya har yanzu yana buɗewa, narkakken dutse yana kusa da sama a ƙarƙashin Olkariya, Longonot da Menengai, shi ya sa rijiyoyi ke cin karo da zafin da ya haura digiri 250. Kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000, ya fara tsagewa ne sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sannan ya tsaya, aka cike shi da yashi da laka. Zafinsa ya fi kama da na ruwan da ya nutse can ƙasa ya ɗumama ya dawo.

Yi wannan ɗan lissafi kafin ka ɗora buri. A yawancin doron ƙasa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda ta zurfi. Matsakaicin zafin sama a yankin Binuwai yana wajen digiri 27. Ruwan Wikki na Yankari digiri 31 ne, wato ɗan abin da ya ɗara na sama kaɗan ne. Maɓuɓɓugar Akiri a jihar Nasarawa da Ruwan Zafi na Lamurde a Adamawa suna wajen 54. Rarar digiri 27 ke nan, abin da ruwa zai samu idan ya sauka kilomita guda kacal a ƙasa ta yau da kullum. Ke nan maɓuɓɓuga mai ɗumi tana tabbatar da cewa akwai hanya mai zurfi da ruwa ke bi ya taso da sauri, amma ba ta tabbatar da narkakken dutse ba. Wanda ya ɗauko ma'aunin Kenya ya ɗora wa Binuwai, taswirarsa za ta yi alkawarin abin da babu.

Mataki na 3: Tattara bayanai

Fara da na kyauta. Shafin EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka yana ba da taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda kumbon Endeavour ya ɗauko a Fabrairun 2000, da kaifin mita 30. A can ma ake samun hotunan Landsat 8, da aka harba a 2013, da Landsat 9, da aka harba a 2021, dukansu da na'urar auna zafin doron ƙasa. Na'urar ASTER da ke kan tauraron Terra tun 1999 tana da hotunan zafi na dare, sai dai ɓangarenta da ke gane nau'in yumɓu ya daina aiki a 2008, don haka hotunan kafin wannan shekara za ka nema don wannan aiki. Hanyoyi, garuruwa da layukan wuta suna OpenStreetMap. Iyakokin gandun daji suna Protected Planet. Jerin duwatsu masu aman wuta yana wajen cibiyar Smithsonian, ma'aunan kwararar zafi kuma suna rumbun Hukumar Kwararar Zafi ta Duniya.

Sauran sai an je ofis. Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, NGSA, tana da taswirorin duwatsu, da bayanan maganaɗisu da na tiririn ma'adinai da aka auna daga jirgin sama kafin 2010, jirgin na tafiya mita 80 sama da ƙasa a layuka masu ratar mita 500. Rijiyoyin neman mai da aka haƙa a yankin tafkin Chadi da Kolmani suna da ma'aunin zafi a gindinsu. Hukumomin ruwa na jihohi da na raya koguna suna da takardun rijiyoyin burtsatse. Ayyukan digiri da ke jibge a sassan nazarin ƙasa na jami'o'in Zariya, Jos, Bauchi da Maiduguri ma tushe ne mai daraja.

Buɗe jadawali ka rubuta wa kowane bayani asalinsa, shekararsa, kaifinsa da wanda ya auna shi. Za ka bukaci wannan jadawali a mataki na 10.

Mataki na 4: Daidaita fallayen su hau kan juna

Kuskuren da ya fi ɓata aikin masu farawa shi ne haɗa fallaye masu tsarin ma'auni daban-daban. Hotunan tauraron ɗan'adam suna kan tsarin WGS84, tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa suna kan tsarin Minna, kuma ratar da ke tsakaninsu tana kai gomman mitoci, abin da ya isa ya raba maɓuɓɓuga da tsagar da take fitowa daga cikinta. Mayar da komai tsari ɗaya mai aunawa da mita. Najeriya ta faɗa shiyyoyi uku na UTM, wato 31, 32 da 33 na arewa, tsakiyar Binuwai kuwa tana shiyya ta 32, mai lamba EPSG:32632 a QGIS. Taswirar takarda sai a ɗauki hotonta a ɗaure ta a gurbinta da Georeferencer, ana amfani da mahaɗar koguna ko gadoji da ake gani a ɓangarorin biyu.

Bayanai a GIS iri biyu ne. Akwai ɗigo, layi da fili, kamar maɓuɓɓuga, tsaga da iyakar dutse. Akwai kuma rasta, inda aka yanka yanki duka kamar gidajen dara, kowane gida da lambarsa. Lissafin ƙarshe a kan rasta ake yinsa, don haka zaɓi girman gida ɗaya ga dukan fallaye. Ga yanki mai faɗin jiha, mita 250 zuwa 500 ya wadatar. Yanka bayanin da aka auna a ratar mita 500 zuwa gidajen mita 30 ba ya ƙara masa gaskiya, nauyi kawai yake ƙara wa kwamfuta.

Mataki na 5: Gina fallen zafi

Shaidar zafi hawa-hawa ce, kuma ya kamata ka jera ta bisa ƙarfinta.

Mafi ƙarfi ita ce wadda aka auna a cikin rijiya. Cire zafin sama daga zafin gindin rijiya, ka raba da zurfi, ka samu hauhawar zafi a kowace kilomita. Ka tuna cewa a rijiyar mai ana aunawa ne jim kaɗan bayan haƙa, alhali lakar haƙa ta sanyaya ramin, don haka lambar tana ƙasa da gaskiya sai an yi mata gyara da ma'aunai biyu ko uku na lokuta daban-daban. Bayan haka ka baza ɗigogin su zama rasta da IDW ko makamancinsa, amma ka taƙaita nisan da kowace rijiya za ta yi magana a kansa. Rijiyar Kolmani ba za ta ba da labarin Awe ba.

Ta biyu ita ce ruwan maɓuɓɓuga. Ban da zafin da aka auna a bakinta, yawan silika da ke narke a ciki, da rabon sodiyam da fotasiyam, suna nuna zafin da ruwan ya taɓa kaiwa can ƙasa kafin ya huce a hanya. A yankin Awe da Keana, inda aka daɗe ana dafa gishiri, a yi hattara da ma'aunin sodiyam, domin gishirin da ke cikin duwatsun kan rikita shi.

Ta uku ita ce zurfin Kuri. Ma'adinin ƙarfen da ke ba duwatsu maganaɗisu yana rasa shi idan zafi ya kai digiri 580. Daga bayanan jirgin sama ana ƙiyasta zurfin da maganaɗisu ya ƙare, a ɗauka can ne zafi ya kai haka. Idan zurfin kilomita 20 ne, 580 a raba da 20 ya ba da digiri 29 a kowace kilomita, wato ƙasa ce kamar kowace. Idan kilomita 12 ne, hauhawar ta kai wajen 48, abin dubawa ke nan. Ninka hauhawar da 2.5, lambar da aka saba ɗauka don yadda dutse ke ratsar da zafi, ka samu kwararar zafi, 72 a misalin farko da 120 a na biyu, a ma'aunin miliwat kan kowace murabba'in mita. Matsakaicin nahiyoyi yana wajen 65. Gargaɗi biyu a nan. Faɗin yankin da ake yi wa lissafin dole ya ninka zurfin da ake nema sau da yawa, kuma takardar NGSA guda, mai faɗin wajen kilomita 55, ta yi kaɗan, sai an haɗa da maƙwabtanta. Sannan maganaɗisu na iya ƙarewa don nau'in dutse ya canza, ba don zafi ba.

Ta huɗu ita ce shekarun duwatsu. Dutsen da ya yi aman wuta cikin shekaru dubbai ko 'yan dubban ɗaruruwa yana iya riƙe zafi a ƙarƙashinsa, don haka ƙananan tsaunukan tsaunin Biu da na Panyam sun cancanci a sa su. Giranait ɗin Jos da ake samun kuza a jikinsa ya haura shekaru miliyan 140, zafin narkewarsa ya huce tuntuni. Abin da ya rage masa shi ne zafin da yuraniyom, toriyom da fotasiyam ke fitarwa sannu a hankali, wanda bayanan tiririn ma'adinai ke nunawa, duk da cewa na'urar ba ta gani fiye da rabin mita cikin ƙasa.

Mafi rauni ita ce zafin doron ƙasa daga tauraron ɗan'adam, kuma ita ce aka fi dogara da ita don tana da sauƙin samu. A hotunan Landsat na tari na 2, mataki na 2, ninka lambar gida da 0.00341802, ka ƙara 149, ka cire 273.15, ka samu Salshiyas. Sai dai tauraron yana wucewa ne da hantsi, lokacin da fako, baƙin dutse, rufin kwano da dajin da aka ƙona duk sun ɗau zafin rana. Nemi hotunan dare, na watanni daban-daban, ka guji kwanakin ƙurar hunturu da na hadari, ka riƙe wurin da ya ci gaba da nuna zafi a kowane hoto kaɗai.

Mataki na 6: Gina fallen tsaga

Fara da tsagogin da ke taswirar duwatsu. Sannan ka yi wa taswirar tudu da kwari inuwa daga kusurwoyi huɗu, domin tsagar da ta bi layi ɗaya da haske ɓacewa take yi. Zana layukan da suka miƙe sosai: bakin tsauni, kwarin da ya tafi ɗoɗar, kogin da ya karya kwana kwatsam. Kunna fallen hanyoyi da layukan wuta a ƙasa don kada ka zana titi ka kira shi tsaga. Bayanan maganaɗisu za su nuna maka waɗanda yashi ya binne.

Ba kowane wuri a jikin tsaga ke ba ruwa hanya ba. Binciken da aka yi a jihar Nebada ta Amurka ya nuna cewa ma'ajiyoyin zafi sun fi zama inda tsaga ta ƙare ta rarrabu, inda biyu suka gitta juna, ko inda ɗaya ta tsaya wata ta ɗauka daga gefe. A irin wannan wuri aka sami McGinness Hills, da ta fara ba da wuta a 2012 alhali babu maɓuɓɓuga mai zafi a samanta. Don haka fitar da rasta uku: nisa daga tsaga da Proximity, yawan tsagogi da Line density, da nisa daga mahaɗa da ƙarshen tsagogi, wanda za ka ɗiga da hannu. Tsagar da ta motsa a baya-bayan nan ta fi tsohuwa daraja, domin ma'adinai kan toshe tsohuwa.

Mataki na 7: Gina fallen ruwa da murfi

Raba duwatsun yankin bisa yadda suke riƙe ruwa. Dutsen yashi mai kauri, irin na Bima a saman kwarin, ma'aji ne mai kyau. Dutsen laka ba ya ba da ruwa, amma idan ya kwanta a kan dutsen yashi ya zama murfi. Giranait ba ya riƙe ruwa sai a tsaga. Ƙara kaurin yashi da laka da suka cika kwarin, domin ma'ajin da ke zurfin mita 300 ba zai yi zafi ba komai kyansa. Ƙara yawan ruwan sama da tuddan da ruwa ke shiga ƙasa daga gare su. Rijiyoyin burtsatse da ruwansu ke tasowa da kansa, musamman masu ɗumi, shaida ce mai kyau.

Mataki na 8: Ba da maki, ka haɗa

Fallayen suna da ma'aunai daban-daban, wani mita, wani digiri, wani sunan dutse. Mayar da kowanne maki daga 0 zuwa 1 da Reclassify by table. Misali, gidan da ke cikin mita 500 daga mahaɗar tsagogi ya samu 1, makin na raguwa har ya kai 0 a kilomita 5. Rubuta dalilin kowace iyaka da ka yanke.

A cikin kowane rukuni, wato zafi, tsaga da ruwa, ba kowane falle nauyinsa. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Thomas Saaty ya ƙirƙiro a shekarun 1970, AHP. Ana gwama fallaye biyu-biyu a tambaya wanne ya fi, da maki 1 zuwa 9, a fitar da nauyi, sannan a auna ko amsoshin sun saɓa wa juna. Idan lambar saɓanin ta wuce 0.1, a sake zama. Bari masana uku ko huɗu su cike jadawalin kowa shi kaɗai kafin a haɗu, don kada muryar babba ta danne ta sauran.

Wajen haɗa rukunan uku a Raster Calculator, ninkawa ta fi tarawa. Ɗauki gida biyu. Na farko yana da zafi 0.9, tsaga 0.8, ruwa 0.1. Na biyu yana da 0.6 a kowanne. Idan aka tara aka raba uku, dukansu 0.6 ne, kunnen doki. Idan aka ninka, na farko ya faɗi zuwa 0.07, na biyu ya tsaya a 0.22. Ninkawar ce ta faɗi gaskiya, domin yawan zafi ba ya biyan rashin ruwa. Raba sakamakon aji huɗu ko biyar, daga mafi ƙaranci zuwa mafi cancanta.

Mataki na 9: Cire wuraren da ba a taɓawa

Yi rasta mai 0 da 1, inda 0 ke nufin ba shiga: gandun daji kamar Yankari, tsakiyar gari, maƙabarta, wuraren ibada da na al'ada, fadamar da ambaliya ke ci, gangare mai tsanani. Ninka ta da taswirarka. Gonaki, burtali da mashayar dabbobi kada ka share su, amma ka nuna su ɓaro-ɓaro. Lokacin gina tasha ta huɗu a Olkariya an tayar da wasu iyalan Masai daga matsugunansu a 2014, koke-kokensu suka kai har sashen binciken ƙorafi na Bankin Duniya. Gara a ga irin wannan a allo tun kafin a zuba kuɗi.

Nisa daga layin wuta, titi da kasuwa ka ajiye shi a taswira ta daban. Idan ka cakuɗa shi da shaidar duwatsu, ba wanda zai iya gane ko wuri ya samu maki ne don zafinsa ko don kusancinsa da kwalta.

Mataki na 10: Jarraba taswirar, ka zana ta biyu

Taswirar da aka gina da maɓuɓɓugai, aka kuma jarraba ta da su, dole ta ci jarrabawa, domin an ba ta amsa tun farko. Ware wasu wuraren da aka sani, ka ɓoye su daga lissafi, sannan ka duba ko sun faɗa aji na sama. Duba kuma faɗin ajin. Taswirar da ta kama dukan maɓuɓɓugai don ta shafa wa rabin jiha ja ba ta rage wa kowa aiki ba.

Sannan ka motsa nauyin. Ƙara wa wannan falle kashi 10, rage wa wancan, cire ɗaya gaba ɗaya, ka sake lissafi. Wurin da ya zauna a sama duk yadda aka juya shi ne abin dogara. Wanda ke ɓacewa da ɗan motsi kaɗan ra'ayin masu ba da nauyi ne ya ɗaga shi.

Daga nan ka ɗauko jadawalin mataki na 3, ka zana taswirar tabbas. Kowane gida ya samu maki bisa kusancinsa da rijiyar da aka auna, yawan bayanan da suka rufe shi, da ingancinsu. Ajiye taswirorin biyu gefe da gefe. Maki mai yawa da tabbas mai yawa, nan za a fara. Maki mai yawa da tabbas kaɗan, nan ake bukatar ƙarin awo mai araha. Maki kaɗan da tabbas kaɗan kuwa ba ya nufin babu komai, yana nufin ba a duba ba tukuna.

Mataki na 11: Fita fili

Gani ya kori ji. Zaɓi wurare uku zuwa biyar ka je. Fara da gaisuwa wajen hakimi ko mai unguwa, ka bayyana abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan rakiya. Makiyaya, mafarauta, masu haƙa rijiya da matan da ke dafa gishiri sun san idon ruwan da ba ya cikin kowace takarda. A kowace maɓuɓɓuga ɗauki lambar GPS, zafin ruwa daidai inda yake fitowa, yawan kwarararsa, tsaminsa da gishirinsa, ka ɗebi samfuri a kwalba mai tsabta don ɗakin gwaji. Maimaita da rani da damina, domin ruwan sama kan gauraya da na ƙasa ya rage masa zafi. Tabbatar da tsagogin da ka zana, ka goge waɗanda suka zama ba su ba ne, ka sake lissafi.

Abin da za ka miƙa

Rahoton ƙarshe ya ƙunshi taswirar cancanta, taswirar tabbas, taswirar hanyoyi da matsugunai, jadawalin nauyi da dalilansa, da jerin wurare bisa fifiko, kowanne da zafin da ake sa rai da amfanin da ya dace da shi. Ga kowane wuri ka faɗi aiki na gaba da kuɗinsa, daga mai araha zuwa mai tsada: awon yadda duwatsu ke tare lantarki a zurfi, wanda ke nuna murfin yumɓu da ma'ajin da ke ƙarƙashinsa, sai ƙananan ramuka masu zurfin 'yan ɗaruruwan mita don auna hauhawar zafi kai tsaye, sannan rijiyar gwaji mai zurfi. A gabashin Afirka, Tarayyar Afirka tare da bankin raya ƙasa na Jamus sun kafa asusu a 2012 da ke ɗaukar wani kaso na kuɗin binciken sama da haƙan gwaji, kuma duk mai ba da irin wannan kuɗi hujjar da ta sa aka zaɓi wuri yake fara tambaya.

Idan lissafinka ya nuna digiri 70 ne ba 200 ba, rubuta 70, ka ba da shawarar masana'antar busar da amfanin gona ko gonar kifi maimakon tashar wuta. Ajiye fallayen da jadawalan a tsari yadda wani zai iya buɗewa ya maimaita lissafin, domin duk sabon ramin da aka auna zai sauya taswirar, kuma sai an sabunta ta kafin a yanke shawarar rami na gaba.